Fatar Maraƙi

Takwarata tana da shekara huɗu ranar da ta nuna mani ni ba kowa ba ce. Ɗiyar ɗiyata ce, suna zaune Faskari gida ɗaya da uwar mijin ɗiyata, wadda kowa ke ce ma Hajiya. Sunana aka sa ma yarinyar, shi ya sa nake jin ta har cikin ɓargo. Na taso tun daga Kankara da dakuwa da ƙuli-ƙuli ƙunshe a leda, na miƙa mata. Ta shinshina, ta aje a ƙasa, ta ruga ɗakin Hajiya ta dawo da cakulan cikin takarda mai ƙyalli. Babban ɗan Hajiya ke aiko shi daga Abuja kwali-kwali.

"Kaka ta ba ni," in ji ta.

Na ce, "To ni wace ce, 'yar nema?"

"Ke ta Kankara ce."

Aka kwashe da dariya, har da ni. Amma wallahi a mota ina dawowa hawaye nake sharewa da gefen mayafi. Ni dai ban iya ɓoye kishi ba, kuma ban ga abin kunya ga tsohuwa ta so jikarta ta so ta ba. Ɗiyata tana da tsohon ciki lokacin. Na ƙudurta ranar suna sai na zo da abin da zai sa yarinyar nan ta zauna bisa cinyata da kanta.

Na ɗanɗana cakulan ɗin nan, na ji madara ce da sukari ke jan yara. To madara ai muna da ita. Shanun Malam, mai gidana, duk sun tafi cikin shekarun nan na ɓarayin daji, wasu an kora, wasu ya saida da hannunsa don kada a kora. Saura guda, farar saniya mai sanyin hali, ya taho da ita daga gonarmu ta Pauwa ya kafa mata turke a bayan gida. Tana da maraƙi ɗan wata biyu, fari shi ma, da ɗigon baƙi a hanci. Na ce alawar madara zan yi, ba ta garin gwangwani irin ta 'yan talla ba, ta madarar saniya tsantsa.

Wanda bai taɓa tatsa ba bai san saniya ba ta ba mutum nono ba, ɗanta take ba. Sai an saki maraƙi ya kama, ya tunkuɗi hantsa har nono ya sauko, sannan a janye shi a ɗaure kusa da ƙafarta ta gaba, tana lasarshi kina tatsa. Kan nono huɗu ne. Tun ina yarinya uwata ta koya mani biyu nawa, biyu nashi, kuma shekara da shekaru haka nake yi.

Sai dai alawa cin madara gare ta. Ki cika tukunya, ki yi ta juyi bisa wuta, ta ƙone ta koma ɗan abin da bai cika tafin hannu biyu ba. Ta farko ta kama ƙasan tukunya. Ta biyu ta ƙi daskarewa. Na ce sai na ƙware kafin haihuwa ta zo, sai na fara tatsar uku. Bayan kwana kaɗan na koma huɗu, safe da yamma, in saki maraƙin a ƙarshe ya yi ta tsotson fata.

Malam ya tsaya bisa kaina wata safiya ya ce, "Kina bar mashi kuwa? Na ga ƙashin bayanshi ya fito."

Na ce, "Malam, ni da na shayar da bakwai za a koya ma shayarwa? Ya fara cin dusa ai."

Ya juya ya tafi, don ya san bakina. Maraƙin ya kama zawo, ya yi kwana uku kwance, a na huɗu Malam ya sa mashi wuƙa don kada ya zama mushe. Ban ci naman ba, amma kada in yi maku ƙarya, ba tausayi ne ya fara zo mani ba. Abin da na fara tunani shi ne, yanzu wa zai sauko mani da nono?

Saniyar kuwa ta ɗauke shi ƙaf. In taɓa hantsa in ji ta tam kamar tulu, amma ko ɗigo. Kuka take yi ba dare ba rana, tana zagaya turke, har maƙwabta suka fara aiko da tambaya. A rana ta biyu wata tsohuwar Bafulatana da ke kawo mana kindirmo ta shigo. Mutanen wajen Mabai ne, tashin hankali ya maido su bakin gari. Ta sauke ƙwarya, ta saurari kukan, ta ce, "Ina fatar?"

Na ce, "Wace fata, Inna?"

"Ta ɗan. Ba ku yar ba dai?"

Tana nan shanye bisa katanga. Inna ta zauna tsakar gida da basilla da zare, ta cusa busasshiyar ciyawa cikin fatar har ta yi ciki, ta ɗinke, ta sa itace huɗu a ƙafafu. Kan ma ta cusa, sai dai wurin idanu ramuka ne, ciyawa na leƙowa. Ta jiƙa kanwa ta shafa mashi a baya don uwar ta lasa. Ta ce haka suke yi tun kaka da kakanni, in kai shi duk lokacin tatsa, in na gama in ɗauke in ɓoye.

Da muka tsayar da shi gabanta, kukan ya tsaya cak. Ta miƙo wuya, ta shinshina hancin nan mai ɗigon baƙi, ta daɗe tana shinshina, sannan ta fara lasa. Na duƙa na taɓa, sai ga nono tsiri-tsiri cikin ƙwarya. Na yi hamdala da ƙarfi. Inna ba ta ce amin ba, ta ɗauki kayanta ta fita.

Daga ranar bayan gidanmu ya yi wani irin shiru da ban so ba. Kullum da hantsi in shiga ɗakin harawa in ɗauko shi a hammata. Ba shi da nauyi ko kaɗan, kuma ƙafafun na bugun ƙofa in zan fito. Kaji suka daina bi ta wajen. Wani lokacin in na buɗe ɗakin sai in ga kamar ba haka na juya fuskarshi jiya ba, in yi a'uziyya in ce tsufa ne. Warin fatar ya kama mani hannu da zane, sabulu ya kasa fidda shi. Abin da ya fi damuna, saniyar tana lasarshi amma ba shi take kallo ba. Duk sadda na ɗaga kai sai in ga ƙaton idon nan bisa kaina, ba ya ƙiftawa.

Alawa kuwa ta yi. Ranar da aka bugo waya ɗiyata ta sauka lafiya, namiji, ina da faranti guda cike, an yanka gida-gida, launin ƙasa-ƙasa, tana narkewa a baki. Na ce bari in ƙara faranti ɗaya kafin suna, kowa ya samu.

Washegari hankalina ya rabu biyu, ga kayan barka, ga masu shigowa taya murna. Na suri ƙwarya na yi bayan gida, na duƙa, na kama tatsa. Nono na zuba yadda ya saba. Na kai wajen rabin ƙwarya sai na ji abu mai kaushi da ɗumi a ƙeyata. Harshenta ne. Ta lashi wuyana, ta ture mani kallabi ya faɗi, ta shiga lasar furfurata a hankali, tana wani ɗan gurnani can ƙasan maƙoshi, irin wanda saniya ba ta yi ma kowa sai ɗanta. Na waiga gefen ƙafarta ta gaba. Babu komi wurin. Ashe ban ɗauko fatar ba, tana can ɗakin harawa a kulle.

Innalillahi! Na saki hantsar amma nonon bai tsaya ba, yana ɗiga bisa ƙasa yana jiƙa mani yatsun ƙafa. Har yau ban san ko warin ɗanta ta ji a jikina ta ɗauka ni ce shi, ko kuwa tun farko ta san abin da muka ɗinka mata. Duk wanda na zaɓa cikin biyun tsoro yake ba ni. Na zauna nan cikin kashin shanu ina kuka, ita kuma tana ta lasata.

Da na tashi na shiga ɗaki, na sa alawa guda a baki don in ji ko zan iya. Na tofar. Na ce ma Malam ya fitar mani da farantin daga gida, ya kai inda ya ga dama, ya kuma binne fatar. Bai tambaye ni dalili ba. Ban sake tatsarta ba, muka bar ta ta ƙafe. Tun ranar madara ba ta ƙara wuce maƙoshina ba, ko a shayi, ko a fura, balle cakulan.

Ana gobe suna na shiga kasuwa na sayi dabino mai laushi, tiya guda. Na tambayi mai saidawa har sau biyu ko ana shafa mashi wani abu mai madara, ya ce, "Hajiya, yadda ya sauko daga bishiya ke nan." Na wanke, na cire ƙwallayen don kada yaro ya haɗiye, na jera cikin sabon kwano.

Ranar suna gidan ya cika. Muna ɗakin mai jego, tana shayar da jariri, Hajiya na rabon cakulan ɗinta a tsakar gida. Sai ga takwarata ta leƙo. Na buɗe kwano. Ta matso, ta ɗauki ɗaya, ta gatsa, ta tsaya tana tauna.

"Da zaƙi," ta ce.

Ta hau cinyata da kanta, ta jingina da ƙirjina, ta sa hannu ta ɗauki na biyu. Ko numfashin kirki ban yi ba don kada ta tashi.

Nan wata gwaggon mijin ta faɗo ɗakin tana cewa baƙi daga garin Sabuwa sun iso, a kawo yaro su gani. Ɗiyata ta ce bai gama sha ba. Matar ta ce ya ƙarasa daga baya, ta sa hannu ta zare shi daga nono. Na ga bakinshi yana tsotson iska.

Ban san sadda na miƙe ba. "Mayar mata da shi! Ki bar shi ya ƙoshi, don ubanki!"

Muryar da ta fito ban san ina da ita ba. Har masu daka a waje suka tsaya. Matar ta mayar da jariri. Sai sannan na duba ƙasa. Takwarata na yashe inda ta faɗo daga cinyata, leɓenta ya fashe a bakin kwano, dabino ya watse. Na miƙa hannu in ɗauke ta, ta ja da baya da gindi tana kallona, sannan ta tashi ta ruga ɗakin Hajiya.

Na ba gwaggon haƙuri, an ce ba komi, gajiya ce. Yarinyar yanzu shekararta bakwai, da ɗan tabo a leɓe. In na je Faskari takan fito ta durƙusa daga bakin ƙofa, nesa da inda hannuna zai kai, ta ce, "Sannu da zuwa, Hajiya," da ladabi sosai, kamar yadda aka koya mata ta gaida baƙi.