Geron Gindin Rumbu

Mu biyu mahaifinmu ya bari da gona ɗaya a bakin fadama, kan hanyar Kafin Hausa, ni da yayana. Ba mu raba ta ba. Shi yake nomawa, ni kuwa aure da aikin koyarwa suka zaunar da ni a cikin garin Haɗejiya. Duk shekara, ana gab da azumi, zai ɗauro buhun gero a bayan babur ya kawo mini. Ba kyauta ba ce, rabona ne na gandu. A danginmu kuma mace ba ta mayar da wannan buhu. Ranar da ta ce a bar shi, to ta ce a kira dattawa a auna gona a fitar mata da nata ke nan, kuma kafin magariba duk ƙauye ya ji.

Da can gero da dawa ne a tudu, shinkafa a kwari. Sai riɗi ya yi kasuwa. Manyan motoci suka fara shigowa har ƙauyuka suna lodi zuwa Legas, daga can jirgin ruwa ya kwashe zuwa ƙasashen da Yaya ko sunansu bai iya faɗa daidai ba. Kowa ya koma riɗi. Shi ma ya matse geron zuwa wata 'yar kusurwa, iya abin da zai riƙe gidan zuwa damina idan an haɗa da na kasuwa. Ba zan ce wauta ya yi ba. Da riɗin ya yi rufin kwano, ya ɗinka wa yara kayan makaranta. Ni ma na ɗaura atamfar riɗi da salla, ina ta yi masa tsiya wai ya zama attajirin ƙasa da ƙasa mai silifas ɗin roba.

Masu riɗi ba sa sayarwa da kaka, sai su ɓoye har ya yi tsada. A shekarar korona Yaya ya cika ɗaki guda yana jira. Masifun da muka sani a fadama ana ganinsu da ido: ruwa idan ya ɓalle a tare shi da buhunan yashi, tsuntsayen jan baki idan suka sauka a shinkafa a kaɗa musu gwangwani. Wannan kuwa a rediyo muka ji ta. Aka ce jiragen ruwa sun tsaya, aka rufe hanyoyi, aka hana cin kasuwa. Motocin ba su zo ba. 'Yan tsirarun da ke saye a ɓoye suna tayawa kamar da zagi, gero kuma kullum sai ƙara tashi yake. Ni ina gida, makaranta a rufe, albashina yana shigowa ba tare da na riƙe alli ba.

Na ɗauka bana ba zai zo ba, har na ji daɗin hakan. Sai ga shi da hantsi, ya biyo ta cikin gonaki don kauce wa masu tsaron hanya, wandonsa duk laka. Ya sauke buhun a tsakar gida yana tsokanata wai malamar da ba ta da ɗalibai. Da na kwance bakin buhun na tsoma hannu, sai na ɗebo na duba. Geron ya yi duhu, yana warin ƙasa da toka. Ni 'yar manomi ce, na san geron gindin rumbu, dammunan ƙarshe da ba a taɓawa sai an share komai.

Na fara kame-kame, na ce ai muna da saura, na ce yara ba su cika son kunu ba, ya koma da shi zuwa kaka. Ya daina dariya.

"Auta, gonar kike so a raba?"

"Haba Yaya, wace irin magana ce wannan?"

"To ki sa a shigar da shi ciki."

Na sa aka shigar. Ya sha ruwa ya hau babur ɗinsa, ko abinci bai tsaya ci ba.

Azumin nan bai yi mini daɗi ba. Duk shan ruwa, idan na kai kofin kunu baki sai na ji kunya ta rufe ni, kamar na zare loma daga hannun wani. Yarana kuwa suka ce yana wari, su shayi da burodi za su sha. Na aika da shinkafa da taliya da sunan kayan azumin yara, ya karɓa, ya aiko mini da zabuwa. Abin da na aika ba zai riƙe gida mai baki da yawa ba, na sani, amma idan na ƙara zai gane, in ya gane kuma na ci masa fuska. A waya matarsa tana dariya ta ce sun zama mutanen riɗi: a soya, a daka a zuba a rama, a yi kantu, har cikin yara ya fara ƙi. Na taya ta dariyar, na kashe wayar.

Da aka buɗe hanya bayan salla na tafi ƙauyen. Riɗin na nan a ɗaki har rufi, rumbu kuwa an kife masa murfi a ƙasa. Yaya ya rame, amma ya sa babbar rigarsa ya tarbe ni, yana ta lissafa mini cewa motoci sun kusa dawowa. 'Yarsa ƙarama, takwarata, ta zo ta jingina a cinyata. Na riƙe hannunta na ji ba nauyi.

"Gwaggo, wai da gaske a gidanku kullum ana shan kunun gero?"

Na ce mata e, ana sha. Ban gaya mata cewa fiye da rabin buhun na nan a bayan ƙofar kicin ɗina ba, ƙwari sun fara shiga.