Tukunyar Mariama

Duk mai bi ta bakin layin dogo a Agege da safe ya san Mariama mai fanke. 'Yar Dakoro ce ta ƙasar Nijar. Shekara tara ɗakina na jikin nata, don haka wannan labari ba a bakin wani na ji shi ba.

Mariama ba ta iya ganin yaro da kwano wayam ta ƙyale. A shekarar yunwar da aka yi can garinsu ta binne ɗanta na fari, Souleymane. Tamowa ce ta tafi da shi, ciki ya kumbura, ƙafafu kamar sillen kara. Da ta haifi Mansura a Legas sai ta rantse wannan ba za ta san yunwa ba. Ta kuwa cika alkawari har ta zarce! Fanke da safe, burodi da bota, taliya, lemon kwalba kullum. Yarinya ta yi ɓul-ɓul, mu kuma muna ta zugawa, "Tubarkalla, 'yar hutu!" Har da ni, ba zan ɓoye ba.

Mansura na shekara goma sha uku bayan wuyanta ya yi baƙi. Mariama ta ce ƙazanta ce. Ta dirje da soso da sabulun salo, ta ƙara da toka da lemon tsami, har fata ta saɓule, baƙi na nan daram. Ga tumbi ya turo gaba, yarinya ba ta hawa gadar tsallaka titi sai ta tsaya tana haki. Ganin cikin nan hankalin Mariama ya tashi, don ita babban ciki iri ɗaya ta sani a jikin yaro. Sai ta ƙara mata abinci.

Ni na ja su asibiti saboda ciwon wuyan. Aka auna ƙugun Mansura, aka ɗebi jini. Likita na Turanci ina fassarawa. Ya ce baƙin nan ba dauɗa ba ce, alama ce jiki ya fara kasa sarrafa sukari, kuma kitsen ciki ne ke rura abin. In ba a rage zaƙi da maiƙo ba, ciwon sukari na tafe.

Mariama ta kama hannuna. "Talatu, tambaye shi da kyau. Cikin nan na yunwa ne ko na ƙoshi?"

"Ya ce na ƙoshi ne."

"To ƙoshi cuta ne?"

Wallahi ni ma kaina ya ɗaure. A cikin danfo, motar hayar da muka shiga zuwa gida, sai maimaitawa take, "Lokotoron asibitin garinmu ya ce ban ba yaro abinci ba, na nan ya ce na ba da yawa. Wane ne mai gaskiya?"

Da rana ina ɗakinta ta zuba wa Mansura shinkafa rabin yadda ta saba, da ganye a gefe kamar yadda aka ce. Yarinya ta share, ta miƙo kwano.

"Inna, ban ƙoshi ba."

Mariama ta sandare da ludayi a hannu. Ta taɓa gaya mini haka Souleymane ya riƙa cewa, lokacin tukunyar babu komai. Yau ga ta cike har baki.

"Talatu," ta ce, "in ƙara ko in bari?"

Na zare ludayin daga hannunta, na rufe tukunyar. Ba ta hana ni ba. Fita ta yi bayan ɗaki, don kada yarinyar ta ga kukanta.