Yadda Aka Kore Ni Daga Kamfanin Baba Ilu

Jiya ina kai loma baki na ce, "Kun san asalin kalmar kamfani kuwa?"

Wajen ciyayya muke, ƙofar gidan maƙwabcina Baba Ilu a Ƙanƙara, kowa ya fito da kwanon gidansa. Ni kuwa tun da maiɗakina ta tafi biki Sabuwa, hannu kawai nake kawowa.

Na ce musu Turawa ma aro suka yi. Daga harshen Latin ta fito: "com", wato tare, da "panis", wato burodi. Shi ma panis ɗin tushensa wata tsohuwar kalma ce mai nufin ciyarwa. Kamfani dai mutanen da ke cin abinci tare ne.

Baba Ilu ya ce, "Ashe wanga zama namu kamfani ne."

Na ce, "Ƙwarai kuwa, Baba."

Sai ya janye kwanon dambu daga gabana. "To Malam, kowa ya zuba jari. Kai mi ka zuba? Labari?"

Yau da kaina na tuƙa tuwo, duk gudaji, na kai. Aka ci don kara, aka maida ni bakin aiki.

A naku kamfanin wa ke zuwa da hannu kawai? Kada ku kama suna, ya san kansa.