Allurar da Alhaji Ya Sa a Gaban Mota

Assalamu alaikum Edita. Ina roƙon ɗan fili a mujallarku in faɗi abin da ya same ni, ko wani direban ya tsira da ƙafarsa.

A ƙarshen shekarun 1980 ni matashin direba ne a Tudun Wada, da mata ɗaya da ɗiya ɗaya, ina tuƙa wani Alhaji mai fataucin hatsi. Ba mugu ba ne, amma in ya ƙwallafa rai a kan abu, ba mai sauke shi. Ya sayo wata tsohuwar motar Turai a hannun wani ma'aikaci da ya yi ritaya a Kano. Mota ce mai kyau, sai dai ba ta kafireta ba ce irin wadda kanikawanmu suka saba da ita, mai injekta ce. Duk wanda ya buɗe bonet a garinmu sai ya leƙa, ya girgiza kai, ya rufe.

Da ta fara rawar jiki a tsaye tana shan mai, muka kai ta wurin wani dattijon bakanike a Kano. Ya ɗauko wani geji mai kama da agogo, ya jona siririn tiyonsa a jikin injin, ya ce in tayar. Ya bayyana mana cewa inji zuƙar iska yake yi, allurar kuma ƙarfin zuƙar take nunawa. In ta tsaya cak a sama, inji lafiya lau. In tana karkarwa, bawul ne. In ta zauna ƙasa, to iska na satar shiga ta wani wuri. Nan take ya gano wata roba da ta tsage, ya canza, mota ta daidaita. Sai ya ƙara wata magana da ita ce ta zame mini jarraba: ya ce in direba ya danne totur allurar faɗuwa take yi, lokacin ne kuma mota ta fi shan mai.

Alhaji ya ce lallai a kafa masa irin wannan geji a gaban mota. Dattijon ya ce ba shi da mahaɗin da ya dace, mu dawo wani makon. Alhaji bai iya jira ba. Ya sayi gejin a kasuwa, a hanyar komawa muka tsaya Kwanar Ɗangora wurin wani mai gyara a bakin titi. Mutumin ya duba bai ga inda zai jona ba, sai ya yanke wani kakkauran tiyo, ya cusa guntun bututu mai baki uku, ya ɗaure da waya da robar tayar keke. Ina tsaye ina kallo. Ban san wannan tiyon shi ne ke kai zuƙar iska ga tukunyar da ke sa birki ya yi laushi ba.

Daga ranar tuƙi ya fita a raina. Alhaji ya bar kujerar baya ya dawo gaba, idonsa a kan allura. In zan wuce babbar mota ya ce ina shanye masa mai. In muna hawan tudu allura ta faɗi, ya yi tsaki ya ce ƙafata ta cika nauyi. Daga Tudun Wada zuwa kasuwar Ƙofa, daga Kiru zuwa Ɗansoshiya, haka muke rarrafe, masu a-kori-kura suna wuce mu suna yi mini dariya. In na dawo gida wuyana ya ƙage, ko tuwo ba na iya gamawa. Maiɗakina ta sha tambayata ko ciwo nake ɓoyewa, in ce mata gajiya ce kawai.

Da damina ta kama, sai na lura allurar ta daina komawa inda take tsayawa da. Ina jin wani ɗan huci a ƙarƙashin bonet, birki kuma ya fara tauri, sai na taka da ƙarfi yake kamawa. Na faɗa wa Alhaji da ladabi, na roƙi mu koma wurin dattijon Kano. Ya ce ba abin da ya sami mota, ni ne na lalata ta da gaggawa, ga shaida nan allura na nunawa. Ya ƙara da cewa direbobi na nan birjik a tasha suna neman aiki. Maiɗakina na da tsohon ciki a lokacin. Na ci gaba da tuƙa ta a haka.

Ranar da abin ya faru za mu Doguwa ta'aziyya ne, ni da Alhaji da yayansa, da hantsi, an ɗan yi yayyafi. Mun shiga dajin Falgore, muna gangarowa wata kwana, sai ga garken shanu ya cika titi, makiyayi a tsakiyarsu. Na taka birki na ji kamar dutse na taka. Na miƙe a kansa da duk ƙarfina, mota ba ta ko rage gudu sosai ba. Na ji yayan Alhaji yana salati. Ban ga wata mafita ba, na karya sitiyari muka faɗa kwari muka daki bishiya.

Fulani masu shanun su suka zaro ni, ƙafata ta dama ta maƙale a ƙarƙashin sitiyari ta karye biyu. Alhaji goshinsa ya fashe, yayansa ya tsira da buguwa. Wani dattijo cikinsu ya tallafe kaina yana ba ni ruwa a ƙwarya yana cewa, "Sannu, sannu. Ka zaɓi itace ka bar mutum, Allah ya gani." Har yau in na tuna maganar nan sai idona ya kawo ruwa.

Na daɗe a kwance wurin maɗori, a can aka zo mini da labarin haihuwar ɗana. Yayan Alhaji ne ya gaya mini cewa da aka ja motar zuwa Kano, dattijon bakaniken nan ya tarar da tiyon ya saɓule daga ɗaurin robar, ya ce ko wane ne a sitiyari ba zai iya tsayar da ita ba. Alhaji ya aiko mini da buhun masara, ya zo duba ni sau ɗaya, muka gaisa, bai ta da zancen ba, ni ma ban tayar ba. Ƙafar ta ɗoru a karkace. Ban sake tuƙi ba, noma nake ɗan taɓawa ina ɗingishi.

Ban riƙe kowa a zuciya ba, na gaji da wannan tuntuni. Gejin kansa ba shi da laifi, gaskiya ya yi ta faɗa mana muka karanta ta a baibai. Masu mota, kada ku bari wanda bai san inji ba ya yanki tiyon da bai san inda ya nufa ba, kuma in direba ya ce birki ya canza, ku saurare shi. 'Yan'uwana direbobi kuwa, ranar da kuka ji birki ya yi tauri aka ce ku ci gaba da tafiya, ku kashe mota ku miƙa makulli. Ni tsoron rasa aiki ya sa na yi shiru, ga shi aikin ya tafi, ƙafar ma ta bi shi.