Aku da Ruwan Gwaggo

Gwaggo ce ta raɗa mata Aku tun tana 'yar mitsitsiya, saboda bakinta ba ya hutawa sai in barci ya sace ta. Sunan ya bi ta makaranta, ya bi ta kasuwa, har ya kai in ka kira ainihin sunanta sai ta waiga ta ga da wa ake. Uwarta ta rasu tana goye, uban bai daɗe ba ya bi, sai ƙanwarsa ta ɗauke ta. Wannan ƙanwar ita ce Gwaggo, gajeriyar mace mai faɗa da baki kawai, wadda ba ta taɓa haihuwa ba, kuma ba ta taɓa bari wani ya tuna wa yarinyar maraicinta ba.

Sana'ar Gwaggo ƙanƙara ce da ruwan sanyi. Mijinta kafin ya rasu ya haƙa burtsatse a bayan gida, ya bar mata firiza biyu masu gurnani kamar tsofaffin da ke munshari. Tun da sassafe ake ɗaure ruwa a leda, ana jerawa, Aku na zuba, Gwaggo na cewa ta yi wa Allah ta bar kunnenta ya huta. Mai kifi na bakin titi a nan yake ɗaukar ƙanƙara, haka mai kanti, haka matan layin gaba ɗaya. Da wannan ruwan aka ɗinka wa Aku kayan makaranta, da shi aka kai ta asibiti, da shi aka biya kuɗin jarrabawa. Gwaggo ba ta da abin taƙama a duniya sai biyu: ruwanta ba wari ba gishiri, 'yarta kuma ba ta ƙarya. Surutu dai akwai shi kamar a biya ta, amma in Aku ta ce abu ya faru, to ya faru.

Da ta gama karatu sai duniya ta nuna mata cewa takarda ba ta buɗe ƙofa. Ta yi yawon ofisoshi har masu gadi suka haddace fuskarta. Ko'ina tambayar ɗaya ce, wa ya aiko ki, ita kuwa ba ta da wanda zai aike ta sai mai ƙanƙara. A haka ta ji labarin wani kamfani da ke ɗaukar matasa su riƙa bin gidaje suna tallar na'urar tace ruwa.

A faɗi gaskiya, a nan ne aka fara yi mata adalci. Ba wanda ya tambayi sunan ubanta, ba wanda ya kalli takalminta. Albashi babu, kuɗin mota babu, amma an faɗa tun farko, ba a ɓoye ba. In ka sayar kana da kamasho, kuma yana fitowa a ranar da aka ce; in wanda ya saya ya mayar da kaya, a cire a naka. Ɗan mai kuɗi da ɗiyar mai ƙanƙara layi ɗaya suke tsayawa da safe. Shugabansu, wanda suke kira Mai-kwat saboda kwat ɗaya gare shi kuma ba ya cire ta ko ana zafin da zai dafa ƙwai, shi ma da ƙwanƙwasa ƙofa ya fara. Da ya ji Aku ta buɗe baki sai ya ce wannan ai da jarinta aka haife ta. Ranar ta koma gida kamar ba ta taka ƙasa, don karon farko ke nan da wani ya ɗauki surutunta a bakin wani abu.

Kowa an ba shi jaka. A ciki akwai ƙaramar na'urar nuni, da kofunan gilashi biyu, da gorar ruwa da ake cika musu a ofis aka ce tatacce ne, sai wani ɗan abu mai sandunan ƙarfe da waya. Aikin a haddace yake. Ka roƙi masu gida ruwan da suke sha, ka zuba a kofi ɗaya, ka zuba na gora a ɗayan, ka tsoma sandunan, ka jona a wuta. Na gora zai tsaya garau, na gidan kuwa ya rikiɗe. Mai-kwat ya ce daga nan kada ka ƙara cewa uffan, kofin zai yi maka talla. Ya kuma ce kowa ya fara da danginsa da maƙwabtansa, waɗanda ba za su iya kallon idonsa su ce a'a ba.

Aku ta ƙi bin wannan shawarar da farko, don kunya. Ta shiga unguwannin da ba a san ta ba, ta sha kora, ta sha haushin karnuka, wata mata ta bar ta tsaye a rana ta ce tana zuwa ba ta sake fitowa ba. Takalminta ya buɗe baki. Kuɗin motar kullum daga gwangwanin Gwaggo yake fita, kuma Gwaggo ba ta taɓa nuna ta lura ba, abin da ya fi cin Aku ke nan. Da tura ta kai bango sai ta roƙi Gwaggo ta tara mata matan layi.

Gwaggo ta tara su kamar za a yi shagali. Ta share tsakar gida, ta shimfiɗa tabarmi, ta raba ruwan sanyi kyauta, tana gaya wa kowa cewa 'yarta ta zama ma'aikaciyar kamfani. Matar tela ta zo da ruwan famfonsu a jarka don a gwada, kamar yadda aka ce. A nan ne dabara ta faɗo wa Aku, dabarar da ba ta cikin abin da aka koya mata. Ta ce a ranta, bari ta fara da ruwan Gwaggo, kowa ya ga yadda ruwan kirki ke tsayawa garau, ta yi wa tsohuwar talla a gaban jama'a, ta rama ko kaɗan daga abin gwangwanin nan. Ta yarda da ruwan gidansu, ta kuma yarda da sandunan, ba ta taɓa tunanin za su saɓa ba.

Ta tsoma, ta jona. Ruwan ya fara yin rawaya, ya koma ja-ja kamar tsatsa, can sai wata kumfa kore-kore ta taso ta kwanta a kai. Matar tela ta kalli ledar da take tsotsa, ta ajiye ta a hankali a gefen tabarma, ta janye ta ɗanta daga bakinsa. Aku ita ma abin da idonta ya gani ta gaskata.

Ranar ta yi cinikin da ba ta taɓa yi ba. Washegari Mai-kwat ya sa aka tafa mata a ofis.

Gwaggo ba ta yi faɗa ba, kuma da ma ta yi. Da mutane suka watse ta zauna gaban kofin nan, ta ce, “Shekara da shekaru wannan nake ɗura wa 'ya'yan mutane?” Ta tashi da kanta ta zare wayoyin firiza. Da ƙafarta ta je wurin mai kifi ta ce ya nemi ƙanƙara a wani wuri, ita ba za ta ci haƙƙin kowa ba. Daga baya ta sayar da firiza ɗaya ta sayi babbar na'urar a hannun Aku, wadda ta tabbatar mata ita ce maganin abin, wai ko za ta farfaɗo da sana'ar da ruwa mai tsabta. Na'urar ɗis-ɗis take zubarwa, ba ta cika abin da za a daskarar, masu saye kuma tuni sun koma wa motar da ke kawo ƙanƙara daga masana'anta. Tsohuwar ta shiga tuno duk yaron da ya taɓa ciwon ciki a layin, tana kiran sunan uwayensu tana neman gafara. Ta rame, faɗan ma ya tafi, gidan ya yi shiru har Aku ta fara tsoron jin muryar kanta.

Gaskiyar ta fito ne ta hanyar da ba ta kai ta kawo ba. Wata rana gorar ofis ta tsiyaye a cikin mota. Gidan da za ta je kuwa na wata malamar makaranta ce da ta riga ta sayi na'urar, ta tara ƙawayenta su gani. Aku ta ce ai ba komai, ta tari ruwa daga na'urar matar ta zuba a kofi na biyu. Duka kofunan suka rine iri ɗaya, har kumfar. Malamar ta kira ta da sunayen da ba a maimaitawa, ta mayar da kaya, aka cire a kamashonta kamar yadda doka ta ce.

Aku ta sami Mai-kwat a ofis yana cin abinci a tsaye. Bai yi musu ba, bai ma ajiye cokali ba. Ya ce ƙarfen ne ke narkewa in wuta ta ratsa, kuma kusan kowane ruwan sha haka zai yi, mai kyau da marar kyau. Na gora irin ruwan batir ne, shi wuta ba ta bi ta cikinsa. Ya ce na'urar ai tana tace abin da take tacewa, ba wanda ya mutu don ya saya.

“Ka ce mu fara da dangi,” in ji Aku.

“Na ce ku sayar musu. Na ce ki gwada a gidan mai sayar da ruwa? Ƙanwata, ni ma sai da na shekara a nan kafin na gane. Da na gane ina da mata da ɗa. Ke ma ki duba abin da ke gabanki.”

Ba ta duba ba, a lokacin dai. Ta ɗauki sandunan ta bi layinsu gida-gida, tana tsomawa a ruwan kowa, har na roba da ake sayarwa a kanti, don su ga duk ɗaya ne. Wasu ba su buɗe ba, sun gaji da jakarta. Matar tela ta saurara har ƙarshe, ta ce ita dai da idonta ta ga abin da ya fito daga ruwan Gwaggo, kuma kowa ya san jini ba ya ƙin nasa. Waɗanda suka yarda kuwa, kuɗinsu suka nema, suka mayar da na'urorin, aka ci gaba da cirewa a nata. Mai kifi ya tausaya mata ƙwarai, amma ya riga ya yi alkawari da masu mota.

Gwaggo ce Aku ta bari sai a ƙarshe, don ita ce mai wuya. Ta same ta da hantsi zaune kusa da firizar da ta rage, wadda yanzu aka mayar ma'ajiyar tukwane. Ta durƙusa ta faɗi komai, ta ce ruwan lafiyarsa lau, bai taɓa cutar da ɗan kowa ba, ita aka yaudara ta zo ta yaudari gida. Tana magana tana kuka, tana jiran tsohuwar ta zage ta ko ta rungume ta. Gwaggo ta dube ta.

“Wancan karon ma da wannan fuskar kika gaya mini,” ta ce. “To wanne zan ɗauka, 'yar nan?”

Gwaggo ba ta sake jona firizar ba. Ko ta yarda ruwan kalau yake, ba mai saye. Ko da mai saye, ita hannunta ya riga ya ji tsoro. Har yau ruwan na'urar take sha, ɗis-ɗis ɗin nan, ba ta taɓa cewa ga dalili ba.

Abin takaicin da ya fi duka shi ne tukunyar gidan yanzu a kan jakar Aku take. Ta gwada tallar ba sanduna, ta yi bayani tsakani da Allah, ta dawo hannu wofi har maƙwabta suka fara miƙo musu kwano ta katanga. Sai ta mayar da sandunan cikin jaka. Yanzu nesa take tafiya, inda ba mai gane ta, kuma kafin ta tsoma takan leƙa ta ga ko akwai firiza fiye da ɗaya a gidan. Ta ƙware, tana cikin waɗanda ake nuna wa sababbi a yi koyi da su. Tana ƙin aikin, tana ƙin kanta a cikinsa, tana kuma tashi da sassafe ta tafi. Shekarunta ba su kai talatin ba, amma in ka gan ta a mota ta jingina kai da gilashi, ba za ka ce wannan ce aka taɓa roƙo ta yi shiru ba.

Gwaggo na karɓar cefane ta yi godiya kamar ga baƙuwa. Ba gaba suke ba, suna ci a kwano ɗaya, in ɗaya ba lafiya ɗayar ba ta barci. Ran nan da yamma Aku ta shigo da sauri ta ce an fara yayyafi, a kwashe shanya. Gwaggo ta dafa bango ta miƙe, ta ja ƙafa har bakin ƙofa, ta miƙa tafin hannunta waje, sai da ɗigo ya sauka a kai sannan ta ce to.