Alamomin Malam Iliya

Wallahi abin da zan gaya muku da ni ya faru, shekarun da na yi aiki a wani shago a Ɗanbatta, inda muke haɗa allon lantarkin da ke tuƙa famfon sola na masu noman rani. Malam Iliya, wani dattijo daga ƙauyukan Shanono, shi ke zana mana tsarin allon a kwamfuta. Ku fahimci abu ɗaya: zanen ba ya ɗauke da alamomin kayan da ke cikinsa, daga wata jaka daban a cikin kwamfutar yake jawo su, kuma kowace alama a jakar nan Iliya ne ya zana ta da kansa, har lambar kowace ƙafa, wato ƙarafunan da ake jona kayan da su a jikin allo.

Da ciwo ya kwantar da shi, sai na ce wa Alhaji mai shagon ai ni nake aikin tun asali, dattijon ɗumama kujera kawai yake. Aka sallame shi. Ya zo yana jan jiki, ya ce, "Ɗana, ko kwafi ɗaya na alamomin nan ka ba ni, aikin shekara tara ne." Na ce, "Baba, je ka ka ji da jikinka." Yana fita na goge jakar, don kawai sunansa ne a kanta. Bayan sati uku ya rasu.

Sai ga odar allo ashirin. Na buɗe zanen, ba komai sai akwatuna wayam da alamar tambaya. Alhaji ya ce, "Ba kai ne injiniyan ba? Ranar kasuwa, ko allo ko ƙofa."

Bayan azahar ina zaune, ban taɓa komai ba, kwamfutar ma ba ta kan intanet, sai alamomin suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yadda marigayin yake zana su. Innalillahi! Amma tsoron kora ya rinjaye ni, na bi zanen na haɗa allon farko. Ina jona masa wuta ya fashe a hannuna. Ashe a alama guda an sauya ƙafafu biyu, daidai wurin da mai gwaji ke riƙewa.

Ran nan Alhaji ya kore ni. Kafin na fita na leƙa kwamfutar, akwatunan sun koma wayam. Yatsuna uku har yau ba sa lanƙwasuwa, da hagu nake rubuta muku wannan.

Jama'a, ku adana zane tare da jakar alamominsa, in kuma wani ne ya zana, ku bar masa sunansa. Ni ban ƙara buɗe zanen nan ba, don ban tabbata Malam Iliya ya gama da ni ba.