Bappa Lado Mai Injin Fadama

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha biyu ga watan Rajab, bayan sallar la'asar, Allah ya karɓi ran Bappa Lado mai lambu a gidan 'yarsa Asta da ke Kaura Namoda. Ba a garinmu ya rasu ba, domin mutanen garinmu sun kore shi. Da wannan na fara saboda na ga waɗanda suka yi korar a sahun gaba wurin jana'iza, suna share ido da bakin riga, kuma har yau raina bai daina ɓaci ba. An binne shi da baƙin sunan da aka liƙa masa, babu wanda ya tashi ya wanke shi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Bappa, kai Bafulatani ne da shanunsa suka ƙare a hannun ɓarayin daji. Ba ka zauna kuka ba. Ka dawo ƙauyenmu na gefen Moriki, ka kama lambu a bakin gulbi, albasa da tattasai, ka sayi jan injin ban ruwan nan mai yin tari kafin ya tashi. Da rana ramin ruwa na masu gonakin gado ne, baƙo sai abin da suka rage, don haka ka mai da ban ruwanka na dare. Kada wani ya ce alheri suka yi maka. Sun bar maka daren ne don babu mai sonsa.

Wanda bai taɓa kwana da takalmi a ƙafa ba, ba zai gane abin da injin nan ya yi mana ba. Da damina akwai ruwa bisa kwano, akwai kukan kwaɗi, mutum yakan samu abin da zai rataya kunnensa har barci ya ɗauke shi. Da rani kuwa gari tsit yake yi. Akuya ta ture ƙwarya, gaban mutum ya faɗi. Ta fadama ake shigo mana daga daji, kowa ya san haka. To sai ga injinka yana bugawa daga can, tut-tut-tut, ba gaggawa ba tsayawa. Muddin yana yi, mun san akwai mutum a bakin gulbi da idonsa biyu, kuma bai ga kowa ba. Jarirai ma sun saba da shi.

Mahaifiyata Saliha ta daina barci tun ranar da aka tare babanmu a hanyar kasuwar Shinkafi bai dawo ba. An yi rubutun sha, an yi ƙwayar asibiti, a banza. Ƙanwata har ƙarar ruwan sama ta sa mata a waya, irin wadda aka ce mutanen birni suna barci da ita. Inna ta saurara kaɗan ta ture wayar, ta ce, "Ruwan ga bai san mi ka cikin daji ba." Amma ranin da ka fara ban ruwa, na leƙa ɗakinta na tarar tana munshari, carbi ya faɗi ƙasa. Da na gaya maka, dariya ka yi har da buga cinya, washegari kuma ka aiko mata da lawashi cike da kwando.

Akwai abin da ban sani ba sai daga baya, Asta ce ta faɗa mini. A makon da Inna ta kwanta zazzaɓi, fangalin albasarka duk ya ƙoshi da ruwa, ƙari zai ruɓar da albasa. Sai ka mai da bakin tiyo cikin gulbi, inji yana ja yana mayarwa har asuba, kana ƙona manka a banza don tsohuwa ta runtsa. Ba ka gaya wa kowa ba. Cikin masu tsayuwa sahun gaban nan, a nuna mini mutum ɗaya da ya taɓa yi wa uwar da ta haife shi irin wannan.

Kuma ka faɗa, Bappa. A ƙofar masallaci ka faɗa, gaban liman da kowa: "In kunka ji injin ya yi shiru tsakar dare, kak ku tsaya tambaya. Ku ɗauki ɗiya ku tahi." Ina wurin. Haladu, wanda gonarsa ke maƙwabtaka da lambunka, yana wurin, har ya ce Allah ya yi maka albarka.

Ranin bara abin ya faru. Ka hangi fitilun babura suna gangarowa ta tsallaken gulbi, ka kashe inji. Shirun nan ya tashi garin kamar an buga ganga. Mata suka goyi yara, aka kama tsofaffi, aka bi ta bayan gari zuwa hanyar Moriki. Ɓarayin suka tarar da gidaje ba kowa. Sun kwashe dabbobi, sun ƙona rumbuna, amma ba a rasa rai ko ɗaya ba. Kai kuwa cikin ruwa ka kwana, a tsakanin ciyawa, sai hancinka a waje. Daga nan ƙirjinka ya kama, bai sake ka ba har ya kai ka kushewa.

Mutanen kirki da godiya za su zo maka. Mu kuwa ranar kasuwa ta zo, Haladu da aka kora masa shanun huɗa ya tsaya a rumfar albasa yana ɗaga murya: "Ya anka yi shi kaɗai yas sani? Wa yag gaya mishi suna tahe? Kashe injin ga alama ta, da 'yan'uwanshi shika magana!" Mutumin da ya fita da wando a hannu saboda shirun injinka, shi ne ya ce shirun cin amana ne. Kuma aka yarda, don an yi hasara kuma ana neman wanda za a ɗora wa, ga Bafulatani a kusa. Kafin a tashi kasuwa an raɗa maka suna, infoma, mai kai wa ɓarayi labari. Mu 'yan kaɗan da muka tuna musu maganar ƙofar masallaci, aka ce mu ma a bincike mu. Liman ya sunkuyar da kai. Aka ƙwace injin, ka hau motar albasa da tabarma da buta, albasarka tana tsaye a fangali ba a cire ba.

Abin da ya biyo baya, in ba don baƙin ciki ba da dariya za a yi. Gari ya kasa barci. Waɗanda suka kore ka suka riƙa wayar gari da jajayen idanu. Sai suka yanke shawarar a ci gaba da kunna injin, amma duk cika bakinsu babu namijin da ya yarda ya kwana a fadama. Suka ɗauko shi suka girke a ƙofar gidan Haladu, tsakiyar gari, suka kunna shi ba ruwa. Ya yi ta ihu a kunnen mutane, babu wanda ya runtsa, har ya ƙone. Sun ɗauka ƙarar ce ke sa barci. Sun manta da mutumin da ke zaune a gefenta cikin sauro.

Na je duba ka a Kaura kana kwance. Jikokinka sun daina fita wasa, don maganar ta biyo ku, 'ya'yan maƙwabta suna ce musu jikokin infoma. Da ƙyar kake numfashi, amma ka riƙe hannuna ka ce, "Armiya'u, Saliha na samun kwana?" Na ce a'a, sai da hantsi in mata sun fara daka takan ɗan gyangyaɗa. Ka ce Allah shi kyauta. Ba ka tambayi lambu ba, ba ka ambaci Haladu ba. Ni ba ni da irin zuciyarka, kuma ba zan yi ƙaryar ina da ita ba.

Ranar sadakar uku Haladu ya laɓaɓa ƙofar zaure, ya sa aka kira Asta, ya rage murya yana neman gafara, wai sharrin shaiɗan ne. Ta dube shi ta ce, "Bappa ya yahe maka tun shina da rai. Amma sunanshi, cikin kasuwa kaɓ ɓata shi, cikin kasuwa za ka gyara." Ya ce in sha Allahu. Kasuwa ta ci ta watse, ina tsaye ina kallonsa. Ya yi cinikin buhunansa, ya sha fura, ya hau babur ya koma gida. Bakin da ya iya ihu da ƙarya ya kasa buɗewa da gaskiya.

Ya Allah, ka ji ƙan bawanka Lado. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi, ka sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Ka saka masa da Aljannar Firdausi a kan kowane rai da ya fita garin nan lafiya a dalilinsa. Ka kawo mana ƙarshen wannan masifa a ƙasar Zurmi da kewaye. Waɗanda suka zalunce shi kuwa, shi ya yafe, ni na bar su da kai.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarsa Inna Khadija, da 'yan'uwansa da ke warwatse a rugage, da jikokinsa. Allah ya ba ku haƙurin rashi, ya albarkaci bayansa. Ke kuma Asta, ki kira yaran nan ki karanta musu wannan, sannan ki buɗe musu ƙofa su fita wasa. Kakansu bai sayar da kowa ba. Gari guda ya tsirar. Ni Armiya'u ɗan Saliha na shaida, kuma a kan haka zan tsaya gaban Allah.